Gidaje 42 a Bakin Kogin Grand: Wa Ke Gyara Rufin?

A kudancin jihar Mishigan ta Amurka, kusa da ƙaramin garin Eaton Rapids, akwai wata unguwa a bakin kogin Grand da aka gina musamman domin iyalan tsofaffin sojoji. Ƙungiyar VFW ce ta kafa ta a 1925, wato ƙungiyar sojojin Amurka da suka yi yaƙi a ƙasashen waje, wadda tushenta ya faro tun 1899. Wani attajiri mai suna Corey Spencer ne ya ba da gonarsa mai faɗin eka 472. Da farko marayu da matan da suka rasa mazajensu aka tsugunar. Yau filin ya haura eka 600, da gidaje 42, kuma iyalan sojojin da rayuwa ta yi wa tsanani kan zauna na wani lokaci ba tare da biyan haya ba, har su farfaɗo.

Sunan Spencer ya shiga tarihi, kuma ya cancanta. Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda wurin ya kai shekara 100 yana tsaye, domin kyautar fili rana ɗaya ake yin ta, gyara kuwa kullum ne.

Wanda bai san hunturun Mishigan ba zai iya ɗauka aikin bai wuce yankan ciyawa ba. A watan Janairu, kafin yaro ya fito zuwa motar makaranta, sai an bi titin unguwar da motar ture dusar ƙanƙara, an watsa gishiri a matakalar ƙofa don kada santsi ya kayar da uwa da jariri a hannu. Ruwa idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, shi ya sa injin ɗumama gida in ya mutu dare ɗaya, bututun famfo na iya fashewa cikin bango. Akwai kuma wata ɓarna mai zuwa a hankali. Zafin cikin gida yana narkar da ƙanƙarar da ke kan rufi, ruwan ya gangaro bakin indararo inda sanyi ya fi yawa, ya sake daskarewa ya zama shinge. Ruwan da ke biyo baya sai ya rasa mafita, ya kutsa ƙarƙashin rufin, ya jiƙa silin. Maganinsa tun kaka ake fara shi, a hau tsani a kwashe busassun ganyen da suka toshe magudana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a can tsagar takan fara ne daga ganyen da aka yi kasalar kwashewa.

Itatuwa ma suna da nasu nauyin. A 2002 aka gano wani ƙwaro a yankin Detroit mai cin ƙarƙashin ɓawon itacen ash, ya kashe miliyoyinsu a jihar. Duk mai kula da babban fili a Mishigan ya koyi duba reshen da ya mutu kafin iska ta jefo shi kan rufi ko filin wasan yara.

To wa ke ɗaukar wannan ɗawainiya? A nan dabarar take. Gidajen suna ɗauke da sunayen jihohi, domin rassan ƙungiyar na jihohi da reshen mataimaka su ne suka ɗauki nauyinsu. Tsohon soja a New York ko Ohio ya san akwai gidan da ke amsa sunan jiharsa, in rufinsa ya yi yoyo kunyar tasa ce. Ana kuma samun wani kaso na kuɗin daga jan furen tunawa da ƙungiyar ke rarrabawa tun 1922, jama'a suna ba da abin da ya sawwaƙa. Mu ma a Najeriya mun san irin wannan alama da ake maƙalawa a ƙirji gabanin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Abin da nake fata mu ɗauka shi ne ɗaure kowane gini da wani mai shi da za a kira da suna, don mun sha ganin yadda kayan da aka ce na kowa ne ke lalacewa kowa yana kallo.

Matar da ta shigo da 'ya'ya uku bayan ta rasa muhalli, ko sojan da ya dawo daga Iraƙi barci ya ƙaurace masa, ba su da ƙarfin fama da famfo mai zuba. Idan matar ta buɗe ƙofa da asuba ta tarar an riga an share mata hanya har bakin titi, sai ta kama hannun yaran ta kai su wajen renon da ke cikin unguwar, ita kuma ta wuce aji ko wajen neman aiki.