Jinyar icce maras lafiya da renonsa cikin kasko

Yau hirarmu za ta kai mu ƙasar Japan, can gabas mai nisa. Za mu ga yadda mutanen can suke ɗaukar ɗan icce da ya kusa mutuwa, su yi jinyarsa, su rene shi cikin kasko. Ku saurara da kyau, domin akwai abin da zai amfani dashenmu na gida.

Mene ne bonsai?

Bonsai kalmar Japananci ce. Ma'anarta shuka cikin kasko. Icce ne na sosai, mai gindi da rassa da ganye, amma tsawonsa sau da yawa bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Irinsa ɗaya ne da na daji. Askin rassa da rage saiwa su ne suke hana shi girma.

Wannan sana'a daga ƙasar Sin ta fito. An ga zanen irin waɗannan itatuwa a bangon kabarin wani ɗan sarkin Sin da aka yi a shekarar 706. Daga baya ta shiga Japan ta zauna. Bayan girgizar ƙasa da ta rushe birnin Tokiyo a 1923, masu renon bonsai suka ƙaura zuwa Omiya, suka kafa unguwarsu a 1925. Akwai wani bonsai da ake reno tun 1625. Yana garin Hiroshima lokacin da aka jefa bom a 1945, kuma bai mutu ba. A 1976 mai shi ya ba Amurka shi kyauta, aka ajiye shi a birnin Washinton.

Iccen da muke magana a kai

Japanawa suna ce masa momiji. Da Faransanci erabul, da Ingilishi mapul. Ganyensa kamar tafin hannu yake, da yatsu 5 ko 7 ko 9. In sanyi ya gabato sai ganyen ya yi ja wur, sa'an nan ya zube. Iccen ya yi barci duk tsawon hunturu, ya farka wajen watan Maris. Yana bukatar wannan sanyi kowace shekara. Saboda haka ba ya rayuwa a ƙasarmu, zafin Afirilu da iskar hunturu mai bushewa za su kashe shi. Amma hanyar jinyarsa ita ce muke so ku riƙe.

A wurin renon itatuwa, wato pepiniyar, akan sami wanda ya daɗe cikin tukunya ba a saya ba. Ganyensa ya ƙone a baki-baki, wasu rassa sun bushe. Akan sayar da shi da araha. Mai haƙuri ya saya. To, me zai yi?

Na farko: duba ko yana da rai

Ɗan uwa, sa farce ka kankare ɓawon reshe kaɗan. In ka ga kore mai danshi, akwai rai. In ka ga ruwan ƙasa a bushe, wannan reshe ya mutu. Sauko ƙasa ka sake gwadawa har gindi. In gindin kore ne, akwai fata.

Yanka busasshen reshe ɗaya ka dubi cikinsa. In akwai baƙin zane-zane a cikin itacen, wata cuta ce da take shiga ta saiwa ta toshe hanyar ruwa. Ba ta da magani. Kada ka haɗa shi da sauran itatuwa, kuma kada ka sake amfani da ƙasarsa.

Na biyu: dubi saiwa

Yawancin ciwon icce daga ƙasa yake fitowa. Kifa tukunyar, ka zaro iccen sannu da ƙasarsa. Saiwa mai lafiya fara ce, tana da ƙarfi. Wadda ta ruɓe baƙa ce, tana da laushi da wari.

Me yake ruɓar da saiwa? Yawan ruwa. Saiwa tana shaƙar iska kamar yadda kake shaƙa. In ruwa ya kwanta cikin tukunya, iska ba ta shiga, sai saiwa ta shaƙe ta mutu. In ta mutu ba ta iya jan ruwa zuwa ganye, sai ganye ya yi yaushi. Mai icce ya ga yaushi, ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Da haka yake ƙarasa shi da hannunsa.

Ciwo na biyu shi ne matsi. In icce ya daɗe cikin ƙaramar tukunya, saiwa takan yi ta zagaye kamar gammo har ta cika wurin. Ruwa ba ya ratsa ta, abinci kuma ya ƙare.

Na uku: sauya masa ƙasa

Wannan aiki yana da lokacinsa. A Japan ana yinsa a ƙarshen sanyi, sa'ad da idanun toho suka kumbura amma ganye bai buɗe ba. In an sayo iccen da tsakiyar zafi, sai a sa shi cikin tukunya mafi girma ba tare da an taɓa saiwa ba, a jira lokacin.

In lokaci ya yi, ɗauki ɗan tsinke ka warware saiwar sannu. Yanke duk wadda ta ruɓe da almakashi mai kaifi, mai tsabta. Daga masu lafiya kada ka cire fiye da kashi 1 cikin 3. Shimfiɗa sauran su bazu ko'ina kamar yatsun ƙafar kaza.

Ƙasar da za ka sa ta zama mai tsaki-tsaki, wadda ruwa yake wucewa nan da nan. Japanawa suna da wata jar ƙasa mai ƙwaya-ƙwaya da suke kira akadama, suna gauraya ta da tsakuwa maras nauyi. Tukunyar kuma lalle ta kasance da huda a gindi. Ɗaure iccen da tukunyar don kada iska ta girgiza shi ta tsinke sababbin saiwoyi.

Na huɗu: bar shi ya huta

Ajiye shi inda zai sami ranar safe da inuwar yamma, inda iska ba ta bugunsa. Kafin ka ba shi ruwa, tura yatsa cikin ƙasa. In da danshi, bari. In ta fara bushewa, zuba har ruwa ya fita ta gindi.

Kada ka ba shi taki yanzu. Maras lafiya kunu ake fara ba shi, tuwo sai ya ji sauƙi. Jira mako 4 zuwa 6, sai ka ga sabon toho, sa'an nan ka sa taki kaɗan. Riƙa duba bayan ganye. In ka ga ƙananan ƙwari masu tsotso, irin waɗanda suke kama wake, wanke su da ruwa.

Shekara guda cur, wani lokaci biyu, ba aski ba lanƙwasa. Ganye shi ne madafar icce, a nan yake haɗa abincinsa da hasken rana. In ka aske maras ƙarfi, ka rufe masa madafa.

Na biyar: horo

In ya yi dogayen rassa da ganye mai yawa, ya warke. Yanzu juya tukunyar ka dube shi ta kowane gefe, ka zaɓi fuskar da ta fi kyau. Cire rassan da suka gitta juna, da waɗanda suka nufi ciki. Inda uku suka fito wuri ɗaya, bar biyu. Babban yanka ana yinsa bayan ganye ya zube ko da tsakiyar lokacin zafi, domin in an yanke momiji gab da farkawarsa ruwan jikinsa yakan yi ta zuba.

Tohon momiji biyu-biyu yake fitowa, suna fuskantar juna. In sabon reshe ya yi tsawo, yanke shi ka bar ganye biyu na farko. Daga nan rassa biyu za su fito. Biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Haka kan iccen yake cika.

Ana lanƙwasa reshe da wayar alminiyam mai taushi. Kaurinta ya zama kamar kashi 1 cikin 3 na kaurin reshen. Naɗa ta a karkace, ba da matsi ba, ka tanƙwara sannu. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma ɓawon momiji siriri ne. Duba wayar kowane mako, ka cire ta kafin ta nutse, domin tabonta yakan daɗe shekaru.

Ƙaramin kasko shi ne na ƙarshe. Cikin kasko gindi ba ya saurin kauri. Sai gindin ya kai yadda kake so za ka mai da shi ciki. Bayan haka, kowace shekara 2 ko 3 a rage saiwa a sauya ƙasa.

Abin da ya shafe mu

Muna da itatuwan da suke karɓar wannan horo, kuma masu bonsai a wasu ƙasashe suna renon su: kuka, tsamiya, ceɗiya da kariya. Su zafi suke so. Lokacin sauya musu ƙasa shi ne gab da faɗuwar damina.

Ko ba ka da niyyar yin bonsai, ka tuna da wannan ranar dashe. Ɗan iccen da ka karɓo daga pepiniyar, cire masa leda. In saiwa ta naɗe a gindin ledar, yanke wurin naɗin kafin ka sa shi rami. In ka dasa shi a naɗe, zai tsugune, ko ya mutu da rani, wahalar ban ruwanka ta tafi a banza.

Gobe a wurin karatu, kowa ya zo da ɗan icce guda cikin leda ko gwangwani. Ku zaro shi gaban malaminku, ku dubi saiwar, ku rubuta cikin littafinku abin da kuka gani: fara ce ko baƙa, a miƙe take ko a naɗe. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.