Tabon da ke damtsenka da tarin da ya ƙi tafiya

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara.

Kafin mu yi nisa, ɗaga hannun rigarka ka duba damtsenka na hagu. Yawancinmu za mu ga wani ɗan tabo. Wannan tabon allurar BCG ne, rigakafin tarin fuka, wato tarin tibi, da ake yi wa jariri bayan haihuwa. To tambayata a yau ita ce: tunda an yi mana rigakafi, don me har yanzu Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan cuta?

Bari mu koma baya kaɗan. A ranar 24 ga Maris 1882 wani likitan Jamus, Robert Koch, ya sanar da gano ƙwayar cutar. BCG kuma wasu Faransawa biyu ne suka samar da ita, Calmette da Guérin. Shekara 13 suka yi suna renon ƙwayar tarin shanu, suna sauya mata mazubi har sau 230, sai da ta yi laushi ta daina sa ciwo. A 1921 aka fara ba ɗan Adam. Yau sama da shekara 100 ke nan, kuma ita kaɗai ce rigakafin tarin fuka da duniya ke amfani da ita.

Yanzu mu shiga cikin jiki. Mu 'yan Zuru ba sai an yi mana dogon bayani kan aikin soja ba, to garkuwar jiki ma rundunarta gare ta. Idan mai cutar ya yi tari ka shaƙi ƙwayar, a huhu akwai masu gadi, wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu haɗiye baƙo su narkar da shi. Ita wannan ƙwaya wayo gare ta. In an haɗiye ta sai ta hana a narkar da ita, ta yi zamanta a cikin mai gadin. Da jiki ya ga haka sai ya turo ƙarin dakaru su yi mata ƙawanya. Ba ta mutu ba, ba ta kuma fita ba. A haka za ta iya shekaru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa kamuwa da ƙwayar, amma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ciwon ke tasowa a jikinsu. Su wa ke nan? Galibi waɗanda ƙawanyar ta yi rauni: mai fama da yunwa, mai ciwon sukari, mai cuta mai karya garkuwar jiki, mai shan taba.

BCG tana kare ƙananan yara sosai daga munanan nau'o'in cutar, kamar sanƙarau na tibi. Saboda haka iyaye mata, don Allah a kai jarirai. Sai dai ƙarfinta a kan tarin huhu na manya ba shi da tabbas, kuma manya ne suka fi yaɗa cutar.

Nan ne masu bincike suka duƙufa. Akwai sabuwar allura mai suna M72. An gwada ta a kan manya kusan 3,500 masu ɗauke da ƙwayar a Kenya da Zambiya da Afirka ta Kudu, sakamakon 2019 ya nuna ta rage tasowar ciwon da kusan rabi. A Maris 2024 aka fara babban gwajinta. Abin farin ciki ne, amma ba ta iso ba tukuna.

Kafin ta iso fa? Ku dubi halin da muke ciki. Rashin tsaro ya koro 'yan'uwanmu daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba, ɗaki ɗaya mutane da yawa, abinci ya yi tsada. Cunkoso da yunwa, abin da ƙwayar nan ke so ke nan.

Don haka in tari ya kai mako biyu, ga zufar dare, ga rama, ga zazzaɓi, kada a tsaya cewa jifa ne ko sanyi. A je asibiti a ba da kaki a gwada. Magani kyauta ne, wata shida ake sha. Akwai layin kyauta, 3340. Wanda ya fara kuma kada ya bari don ya ji sauƙi, domin haka ake samun tibin da ba ya jin magani. Mai ciwon kuma kada mu guje shi, in ya kama magani yadda ya kamata, ba da daɗewa ba zai daina yaɗawa.

Ku tura wa wanda kuka san tari ya dame shi. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.