Siki Biyu Da Suka Ɓace A Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya san Kafanchan ya san gari ne wanda jirgin ƙasa ya raina. Tun shekarar 1927 ya zama mahaɗar layin dogo, inda hanyar da ta taso daga Fatakwal take rabuwa, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya kuma ta hau dutse zuwa Jos. Har yau akwai unguwar da ake kira Bayan Loko. A wannan unguwa ce Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta buɗe wurin koyar da kwamfuta ga mutanen karkara, har aikin ya jawo mata Kyautar Hafkin ta Afirka a 2001. Daga baya ƙananan wuraren koyo na 'yan kasuwa suka yi ta tsirowa, kuma a ɗaya daga cikin waɗannan ne na ga abin da zan ba masu karatu labari.

Wata yarinya ce 'yar wajen Kagoro, wadda ta gama sakandare tana jiran shiga makaranta ta gaba, malaminta ya ba ta aikin rubuta ɗan wasa da harshen Python. Wasan na ƙwayar lido ne, watau ƙwayar nan mai fuska shida da ake girgizawa a kofi. Mutum biyu ke yi, kowa jifa biyar da ƙwaya biyu, ana tara abin da ya fito. Dokar maki kuwa guda biyu ce tak. In ƙwaya ɗaya ta nuna shida, wadda 'yan lido ke kira siki, a ƙara wa mai jifa maki 5. In duka biyun suka nuna shida, a ƙara masa 20.

Ta rubuta, wasa ya yi aiki, aka yi ta tafi. Sai ran da ta zo da ƙanenta ta ce ya gwada. Yaro ya jefa, siki biyu suka fito ɓaro-ɓaro a allon na'ura, amma maimakon 32, watau 12 da gyaran 20, sai aka rubuta masa 17. Da wannan gibi na maki 15 yayarsa ta cinye shi. Ya ce an yi masa maguɗi, ita kuwa ta ce na'ura ba ta kuskure. Lalle kowannensu da gaskiyarsa, domin kwamfuta ba ta ƙara ko ɗigo a kan abin da aka rubuta mata, kuma ba ta ragewa.

Kwana biyu yarinyar nan tana fama. Zarginta duk ya tafi kan sashen da ke jefa ƙwaya, ta goge shi ta sake rubutawa har sau uku, alhali kuwa lafiyarsa lau. Da ta ga abin ya gagara sai ta ce, "Malam, don Allah duba mini, na rasa inda gizo ke saƙar." Malamin bai taɓa allon rubutu ba. Cewa ya yi, "'Yata, ajiye jifan nan tukuna. Ki ba ta lambobin da hannunki, waɗanda kin riga kin san amsarsu."

Ta sa 3 da 4, aka ba ta 7. Ta sa 6 da 2, aka ba ta 13, daidai ke nan. Ta sa 6 da 6, sai ga 17 ya dawo. To, yanzu ɓarawon ya shiga hannu, ana iya kiransa duk sa'ad da aka ga dama, ba sai an zauna jiran sa'a ba. A ganina wannan ne rabin aikin, kuma shi ne abin da sababbin masu koyo suka fi ƙyuyar yi.

Sauran rabin da takarda da fensir aka yi shi. Malam ya sa ta bi umarnin nata layi-layi kamar ita ce na'urar. Tambaya ta farko da ta rubuta ita ce, shin akwai ƙwayar da ta nuna shida? In akwai, a ƙara 5. Tambaya ta biyu, wadda ba a zuwa gare ta sai in amsar ta farko ta zama a'a, ita ce, shin duka biyun shida ne? Nan ta yi tsit. Ai siki biyu ma suna da shida a ciki, saboda haka tambayar farko ke cafke su, ba su taɓa isa ga ta biyu. Malamin, wanda ya ce mini mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne, ya kwatanta mata da abin da ke bayan gidansu: jirgin da aka karkatar zuwa Jos a mahaɗa, ko ya ƙi ko ya so, ba zai ga Kaduna ba ran nan.

Me ya sa kuskuren ya daɗe a ɓoye? Lissafi ne. Ƙwaya biyu suna da hanyoyin faɗuwa 36. A cikinsu guda 10 ne ke da shida ɗaya, guda 1 kacal ke da shida biyu. A wasa mai jifa goma, kusan wasa uku cikin huɗu za a tashi ba a ga siki biyu ba sam. Irin wannan ƙirga ba sabo ba ne, domin kan wasan ƙwaya da rabon kuɗin caca ne Faransawan nan biyu, Pascal da Fermat, suka yi ta musayar wasiƙu a 1654, daga nan ilmin lissafin yiwuwa ya kafu. Turawa kuma suna kiran kuskuren manhaja "ƙwaro". Kalmar ta daɗe a bakin injiniyoyi, amma ta ƙara shahara a 1947, lokacin da ma'aikatan wata babbar kwamfuta a Jami'ar Harvard ta Amurka suka zaro ƙwaro na gaske daga cikinta, suka manna shi a littafin aiki.

Mai karatu zai iya cewa ai wasan yara ne. Sai dai a tuna, yaran da ke koyo a irin waɗannan ɗakuna su ne gobe za a ba lissafin sakamakon jarrabawa a makarantun Zonkwa da Kwoi, ko bashin mata 'yan adashi. A ce mai rubutu ya fara da "wanda ya sami 40 ko fiye ya ci", sa'an nan a ƙasa ya sa "wanda ya sami 70 ko fiye ya yi zarra". Yaron da ya sami 85 zai fito da shaidar ci kawai, daidai da mai 41, kuma na'ura ba za ta yi ko tari ba. Wanda aka zalunta zai zama ɗalibin da ya fi kowa ƙoƙari, iyayensa kuwa in sun je ƙorafi a ce musu kwamfuta ce ta fitar.

Gyaran bai ɗauki minti ɗaya ba. Ta ɗaga tambayar siki biyu ta mai da ita sama, ta sauko da ɗayar ƙasa. Ta miƙe za ta kira ƙanenta, Malam ya ce ta zauna. Ya sa ta zana gidaje 36 a takarda, ta cika kowanne da makin da ya kamata, sa'an nan ta gwada su ɗaya bayan ɗaya a na'ura. Wuta ta ɗauke tana gida na 22, aka jira har aka ta da janareta, ta ƙarasa sauran 14. Duka suka yi daidai. Yaron dai ya ce bai yafe maki 15 ɗinsa ba, sai an sake wasan daga farko.