Teburi ɗaya, aiki biyu: cin abinci da wasan biliyar

A manyan biranen Faransa, inda hayar gida take da tsada kuma ɗakuna suke da ƙunci, masu sha'awar wasan biliyar sun samu dabara: teburin da ake rufewa da alluna biyu ko uku a ci abinci a kansa, in an gama a ɗauke allunan a soma wasa. Kamfanoni irin su Chevillotte, wanda yake wannan sana'a tun 1860, da René Pierre suna ƙera shi.

Ƙirar tana da wuya. Ƙarƙashin ƙyallen wasan akwai faifan dutsen ardwaz, irin na allon ƴan lakwal na da, mai nauyin gaske. Dole a rage kaurin katakon da yake ɗauke da shi, in ba haka ba mai cin abinci ba zai samu wurin cusa gwiwoyinsa ba. Miya ko ruwa kuma in suka bi ta tsakanin alluna, ƙyallen ya lalace.

Sai dai babbar matsalar tana ga sanda. Filin wasan ƙaramin teburi mita 2 ne a tsawo, mita 1 a faɗi, amma sandar bugu ta kusa mita ɗaya da rabi, kuma tana buƙatar fili ta kowane gefe. Ke nan sai ɗaki mai kusan mita 5 a tsawo da 4 a faɗi. A ganinmu, mai irin wannan ɗaki a Paris ba ya cikin masu kukan ƙunci. Wanda nasa bai kai ba, ƴan kasuwa gajerar sanda suke sayar masa don gefen bango.