Rigar Sanyin Yaro: Abin da Mai Saƙa Ya Kamata Ta Sani

Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, duk wanda ya kwana a ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Kunci ko Bichi ya san abin da ake kira hunturu. An yanke gero da dawa, gonaki sun zama fili fetal, babu mai tare iska sai dangar kara. Da asuba ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15. Babba ya ja mayafi ya ƙudundune. Yaro kuwa ƙaramin jiki gare shi, ɗuminsa na saurin gudu, balle jariri da ke zubar da ɗumi mai yawa ta ka. Shi ya sa da wuya a yi suna a wannan lokaci ba a ga rigar ulu da hula da safa cikin kayan barka ba.

Saƙa ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu mata sun yi kaɗi da mazari, masaƙan Minjibir kuma sun yi suna tun tuni. Saƙa da allura biyu da ta kwarashi ne suka zo daga baya, suka yaɗu ta makarantun 'yan mata da cibiyoyin koyon sana'a, musamman bayan shirin Better Life da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987. Yau a cikin gida ake koyonsu, ƙanwa a wurin yaya, amarya a wurin maƙwabciya.

Mutane da yawa sun ɗauka haɗa launi a jikin riga kwalliya ce kawai. Ba haka ba ne. Idan ana saƙa layi guda da zare biyu, a ce ja da fari, yayin da ake aiki da jan, farin yana bin bayan saƙar har a zo inda za a ɗauko shi. Juya rigar ki duba, za ki ga zaren a kwance layi-layi. Wannan ya sa rigar ta zama ninki biyu, iska ta maƙale a tsakani, ita kuwa iskar da ta maƙale ita ce ke riƙe ɗumin jiki. Mutanen Fair Isle, wani ɗan tsibiri mai sanyi a arewacin Sikotilan, da wannan salo suka shahara, har ɗan sarkin Ingila ya sa irin rigarsu a 1921, duniya ta ɗauka. Ƙa'idarsu ita ce launi biyu kacal a kowane layi, ko da rigar za ta ƙare da launi biyar. Ƙa'ida ce mai kyau, domin zare uku a hannu ɗaya rikici ne.

A nan ne gwana ke bambanta da 'yar koyo. In aka ja zaren baya da ƙarfi, gaban rigar ya tattare, ta ƙi buɗewa, yaro ya sa ta yana kuka. In aka sake shi da yawa, ya yi lilo, yatsun yaro su riƙa shiga ciki duk lokacin da za a zura hannu. Maganin abin shi ne kada zaren ya tsallake fiye da saƙa huɗu ko biyar ba a sarƙe shi da ɗan'uwansa ba. Zane ƙanana irin su dara-dara ko zigizaga sun fi dacewa da yaro saboda wannan dalili. A safa da safar hannun jariri ma gara a bar su launi ɗaya, don zaren da ya naɗe ɗan yatsa yana iya tsayar da jini, shi kuwa ba bakin faɗa gare shi ba.

Riga mai buɗaɗɗen gaba ta fi wadda ake zurawa ta ka, domin hunturu fuska biyu gare shi: sanyi da asuba, rana da hantsi. Sai a ɓalle maɓalli, yaro ya sha iska. Amma a ɗinke maɓallan da kyau, yara na kai su baki. Igiyar da ake wa hula a ɗaure a wuya kuwa, ni dai ban ga amfaninta ba, haɗarinta ya fi.

Ga kuma babbar magana. Abin da muke saya a kasuwa muna kira ulu, galibinsa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake yi daga sinadaran man fetur. Yana da araha, ba ya zuba, yana jure wanki. Sai dai in wuta ta lashe shi, ci yake yana narkewa, ya manne wa fata. A yankin da yara ke kewaye wutar kara da sassafe suna jin ɗumi, ko su raɓe a gindin murhu ana dama koko, wannan ba abin wasa ba ne. A sa wa yaro rigar auduga a ciki, a kuma janye shi daga bakin wuta, musamman in hannun rigar ya yi masa yawa.

To, me zai sa mace ta ɓata makonni tana saƙa alhali ga gwanjo jibge a Ƙofar Wambai da kasuwannin mako? Gwanjo ya fi sauƙi, babu musu. Amma wadda aka saƙa a gida an auna ta a jikin mai ita, an bar masa ɗan sarari don baɗi, kuma in ya girme ta ana iya warware zaren a saƙa wa ƙaninsa hula. Wankin rigar kuwa da ruwan sanyi ne, a matse a hankali, a shimfiɗa ta a tabarma cikin inuwa. In aka rataye ta a igiya da nauyin ruwa, za ta zazzago ta koma rigar yayansa. Mai son ta gama kafin sanyi ya sauka kuwa, tun ana yankan gero ya kamata ta aika a sayo mata zare.