Ernie Davis: Gwarzon da ajali ya katse wa hanzari

A shekarar 1961, lokacin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a Amurka, Ernie Davis na Jami'ar Syracuse ya zama baƙar fata na farko da ya lashe kyautar Heisman, wadda ake bai wa gwarzon ƙwallon ƙafar Amurka a gasar jami'o'i. Tun a 1959 ya taimaka wa makarantarsa ta zama zakaran ƙasa.

Ƙungiyar Cleveland Browns ta ɗauke shi, amma ko wasa ɗaya bai buga mata ba. Sankarar jini ta yi ajalinsa ranar 18 ga Mayun 1963, yana da shekara 23. Don girmama shi, ƙungiyar ta jingine lamba 45 da ta ware masa, kuma har yau babu ɗan wasanta da ke sanya ta.