Dogo: Ruwa na kusa, haɗari ma na kusa

Birnin Damagaram a kan dutse yake zaune, shi ya sa ƙarancin ruwa ya daɗe yana addabar mazaunansa. A Dogo kuwa, kudu da birnin a kan hanyar Magarya, ƙasar yashi ce. A kwarin Korama manomi kan haƙa 'yar gajeriyar rijiya ya tarar da ruwan noman rake da kayan lambu.

Sai dai yashi ba ya riƙe abin da aka zuba masa. Baƙin mai ko dagwalon masana'anta na iya tsiyayewa kai tsaye cikin ruwan da jama'a ke sha, kuma idan ya gurɓata, gyara shi kan ɗauki shekaru.

Jihar ba baƙuwar masana'antu ba ce: matatar mai ta SORAZ tana aiki a arewacin birnin tun 2011. Dokar Nijar ta 2018 kuma ta wajabta binciken muhalli kafin manyan ayyuka.

Don haka duk ɗan ci-ranin da ke shirin sayen fili a Dogo domin gidan mai ko masana'anta, ya fara auna zurfin ruwan ƙarƙashinsa kafin ya taya.